Abin da Za Ka Yi Idan Ka Faɗi da Babur a Hanyar Zuwa Aiki

Mafi yawan faɗuwar babur da ake yi a garuruwanmu ba irin wadda ake ba da labarinta a rediyo ba ce. Mutum ne ya fito da sassafe zai tafi ofis ko kasuwa ko makaranta, sai tayar gaba ta hau yashin da ruwan daren jiya ya tara a bakin shataletale, ko ɗan adaidaita sahu ya ci birki ba tare da sigina ba saboda ya hango fasinja, ko akuya ta ratso titi, kafin ya ankara ya ji shi a ƙasa. Yana miƙewa jama'a suna ta yi masa sannu, shi kuwa abin da ke ransa bai wuce kunya da tsoron makara ba, don haka sai ya karkaɗe riga, ya ce babu komai, ya hau ya wuce. Wannan gaggawar ita ce take mayar da ƙaramin haɗari babba, domin raunin da ya fi cutarwa sau da yawa ba ya bayyana a mintunan farko, kuma lahanin da babur ya samu ba ya nuna kansa sai an sake ɗaukar gudu.

Na san haka ne daga jikina. Wata safiya a cikin damina na zame a kan yashi, na dafe kwalta da hannun dama, na tashi na ci gaba da tafiya har na yi aikin yini cikakke. Ciwon da nake ji a tsintsiyar hannu, daidai gindin babban yatsa, na ɗauke shi targaɗe ne, na yi ta shafa masa man zafi. Sai da aka kwana biyar ina kasa murɗa totur sannan na je aka ɗauki hoto, aka ga ƙaramin ƙashin da ke wurin ya tsage, aka ɗaure hannun na tsawon makonni. Likitan ya yi mini bayani cewa wannan ƙashi ba ya samun jini sosai, saboda haka idan aka bar shi yana motsi yana iya ƙin haɗewa har sai an yi tiyata.

Daƙiƙun farko bayan ka faɗi, kada ka yi zumbur ka miƙe, sai dai idan kana tsakiyar titi kuma motoci na tahowa, wanda a wannan halin kauce wa hanya ya fi komai muhimmanci. Idan inda ka faɗi babu barazanar wata motar, ka ɗan dakata a kwance ka saurari jikinka. Ka ja numfashi mai tsawo ka ji ko haƙarƙari na sukarka, ka motsa yatsun hannu da na ƙafa, ka lura ko akwai inda ya mutu ko yake yi maka kamar tafiyar kiyashi. Idan kana jin ciwo a wuya ko a tsakiyar baya, ko wata gaɓa ta ƙi motsi, ka tsaya yadda kake, ka roƙi wani ya tare maka motoci, kuma kada ka yarda a cicciɓe ka a jefa cikin adaidaita sahu, domin ƙashin wuya ko na baya da ya tsage yana iya taɓa laka a lokacin ɗauka, mutum ya shanye har ƙarshen rayuwarsa. A irin wannan hali ana kiran lamba 112, wadda ita ce ta gaggawa a faɗin Najeriya, ko 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, kuma dukansu kyauta ne. Hular kwano ma ba a cire wa wanda ake zargin wuyansa ya taɓu, sai idan yana amai ko numfashi na yi masa wuya.

Dalilin wannan dakatawa shi ne, firgici yana sa jiki ya saki sinadaran da ke danne zafi na ɗan lokaci, ta yadda mutum zai iya taka ƙafar da ta tsage ba tare da ya ji komai ba. Bayan rabin awa ko awa guda, idan jiki ya huce, sannan gaskiyar raunin take fitowa. Saboda haka duk hukuncin da ka yanke game da lafiyarka a mintuna goma na farko, ka ɗauke shi a matsayin na wucin gadi.

Idan ka tabbata za ka iya tashi, ka fara da kashe babur, domin babur ɗin da ya faɗi yana cikin giya tayarsa ta baya tana ci gaba da juyawa, kuma sarƙa na iya kama yatsa ko gefen riga. Ka murɗa makulli, ka rufe makunnin mai da ke ƙarƙashin tanki, ka duba ko fetur na zuba, idan kuwa yana zuba ka hana kowa matsowa da sigari. Wurin ɗaga shi kada ka sunkuya ka ja da ƙarfin baya, domin irin su Boxer da Jincheng nauyinsu ya kai ko ya haura kilo 100, kuma mutane da yawa sun tsira daga faɗuwa amma suka samu ciwon baya wajen ɗagawa. Ka nemi mutum ɗaya ya kama maka, ku tura shi gefen hanya. Ka kuma tattara wayarka da makullanka da jakarka tun da wuri, saboda a cikin masu taruwa yawanci mutanen kirki ne da suka zo taimako, amma ba a rasa wanda ya zo da wata manufa.

Idan ka goyo wani, lafiyarsa tana gaba da babur, kuma tana gaba da rigimar wanda ya jawo haɗarin. Yaro ƙarami ba ya iya faɗin inda ke yi masa ciwo, saboda haka idan kansa ya bugu ko ya yi shiru fiye da yadda aka saba, asibiti za a nufa da shi. Mace mai juna biyu kuwa, ko da ta ce lafiyarta ƙalau, a kai ta a duba ta a ranar, domin mabiyiya na iya rabuwa da mahaifa bayan buguwa ba tare da an ga alama nan take ba.

A kan rauni nake so in fi tsayawa, domin a nan ne shawarwarin bakin titi suka fi yawa kuma suka fi cutarwa. Raunin da aka fi samu shi ne ƙujewa a gwiwa da gwiwar hannu da tafin hannu. Za ka ji wani ya ce a zuba fetur, wani ya ce man birki, wani ya ce a barbaɗa ƙasa ko toka don jini ya tsaya. Duk waɗannan ka ƙi su cikin ladabi, domin fetur da man birki suna ƙona naman da ke da rai, ƙasa kuwa ita ce mazaunin ƙwayar cutar tetanus, wadda ke sarƙe haƙora ta sandarar da jiki. Abin da ciwon ke bukata shi ne ruwa mai tsabta da yawa. Ka sayi ruwan leda huɗu ko biyar, ka huda ƙaramin rami a kusurwa, ka matse ledar yadda ruwan zai fita da ƙarfi ya kore yashi da tsakuwa daga cikin ciwon, sannan ka wanke kewayensa da sabulu. Zai yi zafi, amma duk ƙwayar yashin da ta saura a ciki tana iya jawo ruwa da mugunya, ko ta bar baƙin tabo da ba ya gogewa. Bayan wankewa a shafa basilin kaɗan ko man ciwo na kemis, a rufe da bandeji mai tsabta, a riƙa canzawa kullum. Kada a manna auduga kai tsaye a kan ciwo, saboda zarenta yana maƙalewa, ranar cirewa kuma ya fama wurin.

Idan jini na fita sosai, a ninka ƙyalle mai tsabta a danna wurin da ƙarfi na minti goma ba tare da ana ɗagawa ana leƙawa ba, kuma idan jinin ya ratso ƙyallen a ƙara wani a kansa. Yankan da bakinsa ya buɗe, ko wanda ake hango kitse ko fari a cikinsa, ko wanda yake a fuska ko a kan gaɓa, yana bukatar ɗinki, kuma ɗinki ya fi kyau a cikin awannin farko, ba washegari ba. Game da allurar tetanus, ƙa'idar ita ce idan ciwon ya taɓa ƙasa kuma ka haura shekara 5 ba a yi maka ba, ko ba ka tuna lokacin da aka yi maka ta ƙarshe, ka je a yi maka a ranar ko washegari. Cutar tana iya ɗaukar kwana 3 zuwa 21 kafin ta bayyana, wato lokacin da ciwon ya riga ya bushe kowa ya manta da shi.

Ƙunar salansa ita ma tana yawan faruwa, musamman ga mata masu zaman gefe guda da yaran da ƙafarsu ke lilo, ko ga wanda babur ya danne wa ƙafa. Maganinta na farko shi ne a riƙa kwarara ruwa mai sanyi a kan wurin har minti 20, domin zafin yana ci gaba da cin nama a ƙarƙashin fata ko bayan an janye ƙafar. Ba a sa ƙanƙara kai tsaye, ba a shafa man goge baki ko ɗanyen ƙwai ko manja ko baƙin mai, kuma idan wurin ya yi bororo ba a fasa shi. Ƙunar da ta kai faɗin tafin hannun mai ita, ko wadda ta yi fari kuma ba ta zafi, ta wuce maganin gida, domin rashin zafin alama ce ta cewa ta yi zurfi har ta kashe jijiyoyin fata.

Buguwar kai ita ce abin da na fi ji wa tsoro, kuma ita ce aka fi rainawa. Mutum na iya buguwa, ya ɗan ga duhu, ya farfaɗo ya ci gaba da hira daidai, alhali jini na taruwa a hankali tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa, sai bayan wasu awanni ya fara barcin da ba a iya tashinsa. Idan ka suma ko da na ɗan lokaci ne, ko ka kasa tuna yadda haɗarin ya faru, ka tafi asibiti kai tsaye kuma kada ka tuƙa kanka. Idan ba ka suma ba amma kanka ya taɓa ƙasa, ka sanar da wani na kusa, matarka ko ɗan'uwanka ko abokin aikinka, ya sa maka ido na kwana biyu, ya kuma san alamomin da za su sa a garzaya da kai: ciwon kai da ke ƙaruwa, amai fiye da sau ɗaya, ruɗewa ko maimaita tambaya ɗaya, ganin abu biyu-biyu, rashin ƙarfi a hannu ko ƙafa ta ɓangare guda, jijjiga, ko fitar jini ko ruwa daga kunne ko hanci. A wannan tsakanin farasitamol kawai za a sha don zafi, domin asfirin da danginsa suna iya ƙara zubar jini, su kuwa ƙwayoyi masu sa maye irin tiramadol suna rufe alamomin da ake son a gani. Wanda yake shan maganin tsinka jini, da wanda shekarunsa suka ja, su je a duba su ko da buguwar ba ta yi ƙarfi ba.

Haka kuma idan kan babur ya daki cikinka, ka lura da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, musamman idan yana harbawa zuwa kafaɗar hagu, da jiri idan ka miƙe, da gumi mai sanyi, da jini a fitsari, domin saifa ko ƙoda na iya fashewa jini ya riƙa zuba a ciki. Wanda ake zargin yana da irin wannan rauni ko karaya, kada a ba shi ruwa ko abinci duk da cewa al'adarmu ce mu miƙa wa wanda ya firgita ruwa, saboda idan aka ce sai an shiga da shi tiyata, cikin da ba komai a cikinsa ya fi aminci. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar wanda ke bukatar taimakon gaggawa, kuma yana da kyau mai rakiya ya san da haka.

Maganar ɗori tana bukatar a faɗe ta da adalci. Masu ɗorin gargajiya sun daɗe suna yi wa al'umma aiki, kuma jama'a sun yarda da su, amma hannu ba ya ganin abin da hoto ke gani. Shawarata ita ce duk gaɓar da ta kumbura, ko ta karkace, ko ba a iya taka ta, a fara ɗaukar hotonta kafin kowa ya ja ta ko ya murza ta. Wanda yake Kano yana da Asibitin Ƙashi na Dala, sauran jihohi kuma manyan asibitocinsu suna da sashen haɗari da gaggawa. Karayar da ta shiga cikin gaɓa, da wadda ƙashi ya huda fata, aikin asibiti ne kawai. Idan an ɗaure gaɓa, ko a gida ko a asibiti, sai yatsu suka yi sanyi ko suka canza launi ko suka mutu, ko zafin ya wuce misali, a sassauta ɗaurin nan take a nemi likita, domin ɗaurin da ya toshe jini yana iya kai wa ga yanke hannu ko ƙafa. Ciwon gindin babban yatsa irin nawa kuwa wani lokaci hoton farko ba ya nuna shi, shi ya sa likitoci kan ɗaure hannun su ce a dawo bayan kwana 10 zuwa 14 a sake ɗauka.

Idan haɗarin ya haɗa da wani, ko mota ko adaidaita sahu ko mai tafiya a ƙasa, kada ka gudu kuma kada ka ɗaga murya. Kafin a matsar da ababen hawa, idan hali ya yi, ka ɗauki hoton yadda suke da lambar kowanne da inda ya lalace, ka karɓi lambar wayar ɗaya direban ka kira ta a gabansa don ka tabbatar tana shiga, ka kuma nemi lambar mutum ɗaya ko biyu da abin ya faru a idonsu, kamar mai shago ko mai faci da ke zaune a wurin kullum. Yawancin irin wannan rigima a wurinmu da sulhu take ƙarewa, kuma sulhu alheri ne, amma a yi shi da ido buɗe. Ku tafi wurin bakanike tare ya faɗi kuɗin gyara a gaban kowa, a biya shi kai tsaye, a rubuta abin da aka amince da shi ko da a saƙon waya ne. Idan kai aka ji wa ciwo, babu laifi ka ce ka yafe ɓarnar babur, amma ka bar maganar magani a buɗe har sai likita ya duba ka. Idan kai ne ka buge wani, musamman yaro, ka kai shi asibiti tare da wani nasa ko wani dattijon unguwa ko da yana cewa babu abin da ya same shi, idan kuwa ka ga taron ya fara zafi har kana tsoron lafiyarka, ka nufi ofishin 'yan sanda mafi kusa ka kai rahoton kanka. Doka ta wajabta kai rahoton haɗari, kuma duk inda aka samu rauni ko gardama ta ƙi ƙarewa, takardar 'yan sanda ita ce za ta tsaya maka daga baya. Kada ka miƙa makullin babur ko takardunka ga wanda ba jami'i ba ne.

Inshorar da doka ta tilasta wa kowane abin hawa ita ce wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani, ba ta gyara naka babur ɗin. Tun daga Janairun 2023 kuɗinta ga babur naira 3,000 ne a shekara, kuma amfaninta ya dogara ne ga kasancewarta ta gaskiya daga kamfani mai rajista, sannan ga sanar da kamfanin da wuri tare da hotuna da rahoton 'yan sanda.

Akwai kuma wani haƙƙi da ma'aikata da yawa ba su san suna da shi ba. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke gudanarwa, ta ɗauki haɗarin da ya samu ma'aikaci a kan hanya tsakanin gidansa da wurin aikinsa a matsayin wanda ya cancanci diyya, kuma ta bukaci ma'aikacin ya sanar da wurin aikinsa cikin kwana 14. Saboda haka, kiran da za ka yi wa shugabanka ka ce za ka makara bai wadatar ba. Ka biyo shi da rubutaccen saƙo mai ɗauke da rana da lokaci da wurin da abin ya faru da irin raunin da ka samu, ka kuma adana katin asibiti da rasit na magani da hoton ƙashi. Ko da raunin ya zo da sauƙi ba ka nemi komai ba, rubutun bai rage ka da komai ba, idan kuwa bayan wata guda gwiwa ta ƙi lafawa, shi ne hujjarka.

Sai a ƙarshe a waiwayi babur, kuma tambayar ita ce ko zai kai ka wurin bakanike lafiya. Ka matsa birkin gaba ka taka na baya kana tura shi, ka tabbatar kowanne yana kamawa kuma yana saki. Ka murɗa totur ka sake shi injin yana kashe, idan bai koma da kansa ba kada ka tayar, domin totur da ya maƙale haɗari ne na biyu. Ka tsaya a gaba ka duba ko kan babur ya yi daidai da tayar gaba, ka juya tayoyin ka ga ko suna rawa ko suna gugar wani abu, ka duba sarƙa da hannun kuloci da matakin giya da fitila da sigina, ka leƙa ƙasa ko baƙin mai na ɗiga. Babur mai kafireta da ya kwanta yakan sha mai ya ƙi tashi, saboda haka a bar shi tsaye na wasu mintuna kafin a sake gwadawa, ba a yi ta dukan kik ba. Hannun birki ko na kuloci da ya lanƙwashe a sauya shi da sabo, domin irin ƙarfensa idan aka miƙe shi yakan tsage a ɓoye ya karye ranar da aka fi bukatarsa. Idan kana tafiya ka ji babur na ja gefe guda, wataƙila ƙafafun gaba ko firam sun karkace, kuma wannan ba gyaran bakin titi ba ne.

Kai ma ka auna kanka kamar yadda ka auna babur. Idan hannunka na rawa, ko kana jin jiri, ko ba ka iya matsa birki da ƙarfi saboda zafi, ka ajiye shi a wurin wanda ka amince da shi ka hau adaidaita sahu. Hular kwanon da ta daki kwalta kuwa a canza ta ko da ba a ga tsaga a bayanta ba, domin farin soson da ke cikinta sau ɗaya yake shanye duka, idan ya matse ba ya komawa yadda yake. Kafin ka koma hawa, ka sa bandeji guda biyu da ƙaramin sabulu da kwafin takardun babur a cikin leda ka ajiye a jakar da kake fita da ita kullum, ka kuma rubuta sunan wani naka da lambar wayarsa a takarda ka sa a aljihu, saboda wayar da ke kulle ko wadda fuskarta ta fashe ba za ta gaya wa masu taimako wanda za su kira ba.